Guzurin Ƙurungu

Khartum, 2 ga Yuli, 1992

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata mikin ƙafar yana kamewa, kuma kana shan ƙwayar sukari safe da yamma kamar yadda hakim, likitanka, ya rubuta. Na iso lafiya ranar Litinin bayan la'asar. An ba ni wuri a ɗakin kwanan ɗalibai na kwalejin jinya, mu huɗu a ɗaki, gadona ne kusa da taga. Abinci ba laifi, ful, dafaffen waken nan, da safe, ful da rana.

Kafin in shiga maganar kifi, bari in sa alkawarinmu a takarda, don kar gobe wani ya ce bai ji da kyau ba. Ni zan zauna nan shekara uku in yi karatu. Kai kuma ka gama da kambo, sansanin gonakin daji, na Doka ko na Fashaga. Ba za ka je gyaran tarakta ba, ba za ka je kallo ba. Hakim ya ce mai sukari da miki a ƙafa ba ya shiga laka. Ranar da na ji ka je, ranar zan naɗe kayana in dawo gida in zauna, karatu ya ƙare. A gaban Gwaggo Rakiya ka amsa. Tun rasuwar Inna ba ni da kowa sai kai, kuma ba zan zauna ina koyon jinyar iyayen wasu ba alhali nawa yana lalacewa a daji.

Sai maganar ƙurungun nan uku da na bar maka cikin tankin gilashi. Na san ka ce kifin da ba a miya da shi ɓata ruwa ne kawai. Amma malamata ta kimiyya ce ta ba ni su ranar da za ta bar Gadarif, kuma shekara biyu suna hannuna ko ɗaya bai mutu ba. Kifin ƙasa ne, ba sa hawowa neman abinci, sai an kai musu har inda suke. Garin da ke cikin gwangwani, abin da yatsa biyu suka ɗauka ya isa a rana. Amma garin kaɗai ba ya riƙe su, suna son kayan lambu.

Kullum da safe ka je wurin Dije mai kayan miya ka sayi ajjur, kokwamban nan namu, ko kusa, 'yar koriyar kabewar nan, sabo, ba na jiya ba. Ka wanke, ka yanko kaurin yatsa, ka cire 'ya'yan. Ka tsoma a tafasasshen ruwa gwargwadon karanta Ƙulhuwa uku, ka bari ya huce sarai. Ka soke shi da ƙaramin cokali don ya nutse, ka saka bayan magariba, lokacin suke fitowa. Da asuba ka cire abin da suka rage, ko ƙanƙani ne. Ranar Juma'a ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka cika da wanda ya kwana a randa.

Ragowar ajjur ɗin kuma, ka san ba a zubar da abinci a gidanmu.

'Yarka,
Hannatu


Gadarif, 13 ga Yuli

Hannatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo hannun direban bas ranar Asabar. Ina lafiya. Miki ya kame ta gefe, tsakiya da saura. Ƙwaya ina sha. Rakiya tana zuwa ran Juma'a, ta ɗaga ƙafar ta duba kamar mai sayen rago, ta leƙa kwalbar magani, ta tafi.

Alkawari na gan shi a rubuce. Ban manta ba, ba sai an buga masa hatimi ba.

Kifi uku ne, duka da rai. Ɗaya babba, shi ke fara ci. Ɗaya mai tabo a wutsiya, yana jira babban ya gama. Na uku malalaci ne, yana cikin guntun bututun da kika sa musu, ba ya fitowa sai kowa ya watse.

Cokalinki bai yi ba. Suna ja sai ajjur ya zame ya taso sama, su kuma su zauna a ƙasa suna kallonsa kamar mutanen da lori ya tafi ya bari. Na buɗe akwatin kayan aikina na ɗauko samula, irin notin ƙafar tarakta, na ɗaura yankan a jikinta da zare. Tun daga ranar ba abin da ya sake tasowa. Ɗan injin da ke hura musu iska shi ma ya tsaya ran Talata. Na kwance shi, robar ciki ce ta tsage. Na yanko daga tsohon tiyub na sa. Yanzu ya fi da aiki.

Dije ba ta sayar da yanka ɗaya. Ta ce, "Usta Mijinyawa, ajjur ɗaya kullum kullum? Wa ka ajiye a gida ba mu sani ba?" Na ce baƙi ne uku, ba sa magana, ba sa taya aiki. Yanzu duk layin masu kayan miya sun sani, in na shigo sai a ce ina baƙi suka kwana. Ragowar ina ci da gishiri da lemun tsami. Abincin akuya ne, amma yana wucewa.

Dabararki kuma na gane ta. Abin da ake sakawa da magariba a cire da asuba, mai shi ba ya kwana a wani gari. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura tirela a bayan tarakta, in na ga igiya na san igiya ce. Ba ƙorafi nake ba, don ki san na gani ne.

An yi ruwa biyu masu kyau. Taraktoci na wucewa ta bayan gida da diskin huɗa a bayansu, sun nufi kudu. Daga ƙararsu nake gane wadda za ta kai Doka da wadda za ta kwana a hanya.

Mahaifinki,
Mijinyawa


Khartum, 22 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka, na ji daɗin labarin miki. Ni ma lafiya lau. Mun fara shiga ɗakin marasa lafiya sau biyu a mako. Jiya na wanke ƙafar wani tsoho mai irin ciwonka, ya ce hannuna ba nauyi. Ban gaya masa a kan wa na koya ba.

Samular nan ta tsaya mini a rai. Duk abin da ya fito daga akwatinka da giris yake fitowa, har kuɗin cefane Inna tana cewa warin jaz, man tarakta, suke yi. Ka tafasa ta, ka goge, ka sake tafasawa. In ta fara tsatsa ka cire.

Ka gwada musu kabewa wani lokaci, da ganyen jirjir. Ban da albasa, ban da barkono, kuma kar ka ba su naka mai gishiri don ka ga suna kallonka.

Igiya ce, Baba, ban musa ba. Ka gode Allah da ta kifi ce. Gwaggo cewa ta yi a kawo maka akuya mai ciki.

'Yarka,
Hannatu


Gadarif, 29 ga Yuli

Hannatu,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, ƙafa tana nan yadda take. Hanyar kasuwa ta yi laka, sai in zagaya ta wajen masallaci, ina ɗan daɗewa kafin in kai.

Samula na tafasa sau biyu. Farin ƙarfe ce, ba ta tsatsa, ta girme ki da shekara goma ba ta taɓa yi ba. Kabewa sun so ta, har malalacin ya fito tun ban kashe fitila ba. Jirjir sun shinshina sun bari. Ni na cinye.

Arzika ya zo gaishe ni ran Lahadi. Kin san shi, shi ne ya karɓi tarakta daga hannuna a mashru'i, babbar gonar nan da ke bayan Doka. Ta tsaya musu a tsakiyar shuka, kwana huɗu ke nan. Sun ɗauko makaniki daga gari ya kwance famfon jaz ya kasa mayarwa. Rabin gona an sa iri, rabi na zaune, ƙasa kuma tana bushewa. In wannan makon ya wuce, dawar bana ta wuce, mutum arba'in da ke jiran noma a kambo su watse. Na zana masa yadda ake jera famfon a ƙasa da tsinke. Ya kalla, ya ce to, ya tafi. Ban ga alamar ya gane ba.

Ina da tambaya. Kifin kogi ba mai kwashe masa ragowa da asuba, kuma yana rayuwa. Idan mutum ya sa musu yanka da yawa lokaci ɗaya, kwana nawa zai kai su? Tambaya ce kawai.

Mahaifinki,
Mijinyawa


Khartum, 10 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka. Takardarka ta kwana goma sha biyu a hanya. Direban ya ce ta shige ƙarƙashin kujera, sai da ake wanke bas aka gan ta.

Na karanta tambayarka na haɗa da maganar laka, na gane ƙafar ce ke ciwo kana kunyar faɗa. In zuwa kasuwa kullum ya yi maka wuya, ka saya na kwana biyu ko uku, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye ƙarƙashin randa. A waje za ka ajiye. Cikin tanki yanka ɗaya ne, dare ɗaya.

Laifina ne, na ba ka ƙa'ida ban ba ka dalili ba, kai kuwa ba ka bin abin da ba ka ga cikinsa ba. Kogi tafiya yake yi, abin da ya ruɓe yana wucewa da shi. Ruwan tanki ba inda yake zuwa. Ajjur da aka tsoma a ruwan zafi ya riga ya yi laushi, a zafin garinmu kwana ɗaya yake fara ruɓa. In ya ruɓe ruwa ya yi fari, ruɓar ta shanye iskar da ke ciki, kifi ya rasa numfashi. Ɗan injinka ba zai iya da shi ba. Ƙurungu yana iya kwana biyar bai ci ba bai mutu ba. Yawan abinci ne ke kashe shi, ba yunwa ba.

Allah ya sa Arzika ya gane zanenka. Ka gaya mini gaskiyar ƙafar nan.

'Yarka,
Hannatu


Khartum, 21 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki da mutanen gida, ina fata ciwon bayan ya lafa. Ni lafiya.

Na rubuta wa Baba tun ran goma ga wata, ban ji komai ba. Na je tasha sau uku, direban ya ce ya ba Dije takardar hannu da hannu, kuma ba wanda ya ba shi amsa. Na sake ɗauko takardarsa ta ƙarshe na karanta a natse. Da farko wurin laka na tsaya, na wuce wurin Arzika da sauri. Yanzu da na karanta su a jere, ba na son abin da na gani.

Ki gaya mini yana ina.

'Yarki,
Hannatu


Gadarif, 26 ga Agusta

Hannatu 'yata,

Zainaba maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa. Ina gaishe ki. Bayana yana nan, ba shi ne magana ba. Ubanki yana da rai, yana gida, wannan na fara sa miki don ki karanta sauran a zaune.

Ya roƙe ni kar in rubuta, na yi shiru kwana da kwanaki har ina jin kunyar kaina. Amma tunda kin tambaya, ni ba zan yi miki ƙarya saboda ƙanena ba.

Ya je. Ran Juma'a na duba shi, ran Asabar da sassafe ya kulle ƙofa ya hau lori zuwa Doka, akwatin ƙarfen nan a kafaɗa. Bai gaya wa kowa ba, don ya san da na ji kin ji. A shirinsa kwana uku ne, ya dawo kafin in sake zuwa. Ran Laraba Dije ta aiko mini. Ta ce, "Ya Hajja, Usta bai zo ba kwana biyar, kuma ranar ƙarshe da ya zo kwando guda ya cika, ajjur da kusa da kabewa. Na ce ko biki za a yi wa baƙin?" Jin haka na yafa mayafi. Muka sa aka ɓalle kwaɗo.

Wallahi Hannatu tun daga zaure wari ya tare mu. Ruwan tankin ya yi fari kamar an dama koko. A ƙasa ya jera musu samula bakwai, kowace da yankanta ɗaure, a layi sambal kamar shukar tarakta. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Duk sun narke. Biyu daga cikin kifin suna sama, ciki a waje. Na ukun yana cikin bututu, na ɗauka shi ma ya tafi, sai na ga gefen kansa yana motsi. Na sa ƙwarya na kwaso shi na jefa cikin randar ruwan sha, ban ma tsaya tunani ba. Ni da ban taɓa taɓa ƙurungu ba sai da wuƙa a hannu, ga ni ina yi masa sannu.

Shi kuwa uban naki, ranar da ya isa kambo aka yi ruwa, aka ƙara, hanya ta yanke. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ki ji wannan: kifi ya yi musu guzurin mako, kansa kuwa ƙwayar kwana uku ya ɗauka. A tirela aka kawo shi, ƙafar ta kumbura har takalmi sai da aka yanka. Muka wuce asibiti kai tsaye. Sun cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Hakim ya ce da an ƙara kwana biyu, daga gwiwa za a yi magana.

Da ya farfaɗo, ban ji ya tambayi ƙafarsa ba. Cewa ya yi, "Rakiya, kifin fa?" Na ce saura ɗaya. Ya juya fuska bango.

Ran Lahadi aka sallame shi. Na dawo gidan da zama har ya taka. Na wanke tankin, na mayar da kifin. Fushi nake da shi har yanzu, amma ina dafa masa.

Taraktar ta tashi, in kina son sani. An gama shuka.

Gwaggonki,
Rakiya


Khartum, 2 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka. Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Gwaggo ta gaya mini duka. Kar ka ga laifinta, ni na tambaya.

Ba zan yi dogon bayani ba, alkawarin yana rubuce a wurinka. Akwai littattafan kwaleji da zan mayar, da kwanakin ɗakin marasa lafiya da aka riga aka sa sunana, ba na son in bar wa wata nauyi. Ranar Laraba zan shiga wurin shugabar kwaleji in gaya mata na bari. Ranar Alhamis, goma ga wata, ina bas ɗin safe. Na fara haɗa kaya.

Ina son karatun nan, Baba. Na fi son shi fiye da yadda na zata. Na faɗa ne don ka sani, ba don in canja magana ba.

Ka bar ƙafar a sama, a sauya bandeji kullum, kar ruwa ya taɓa.

Hannatu


Gadarif, 6 ga Satumba

Hannatu,

Bayan gaisuwa, ina samun sauƙi. Ina takawa zuwa zaure da sanda. Yatsu takwas sun ishi mai zuwa kasuwa.

Abin da Rakiya ta faɗa haka ne, ba ta ƙara ba. Zan gaya miki nawa ɓangaren a taƙaice.

A kambo, in damina ta kama, ba a kai abinci kullum. Kafin hanya ta yanke ake tara komai lokaci ɗaya, gari da mai da busasshiyar kuɓewa da jaz, a rufe a tafi. Wanda ya kai kaɗan shi ne ya yi laifi, ban taɓa ganin wanda aka zaga don ya kai da yawa ba. Haka na yi wa kifinki. Na ce kwana uku zan yi, na sa na bakwai saboda ruwa. Kowane yanka na wanke shi, na cire 'ya'ya, na karanta Ƙulhuwa uku a kansa. Da na kulle ƙofa hankalina kwance yake, gani nake na yi musu gata.

Takardarki mai bayanin kogi da tanki na same ta wurin Dije bayan na fito asibiti. Na karanta, na gane, bayanin daidai ne. Da ta zo da wuri da ban sa ba, da kifinki uku suna nan. Amma da na tafi duk da haka. Wannan ce gaskiya, ba zan ɗora wa direban bas ba.

Famfon ya ci mini yini ɗaya da rabi. Da na ce wa Arzika ya tayar, ta yi tari sau biyu ta kama, mutanen kambo suka yi kabbara. Na ji daɗi, Hannatu. Tun rasuwar uwarki ban ji irinsa ba. Ƙafata na cikin laka har idon sawu, na san abin da nake yi mata, kuma na ji daɗi. Shi ya sa ba zan sake ba ki bakina ba. Na ba ki a gaban Rakiya bai riƙe ba. In wani Arzika ya sake zuwa baɗi ya zauna a zaure yana murza hula, ban san abin da zan yi ba.

Amma na san abu ɗaya. Ban taɓa zuwa gyara hannu rabbana ba, kuma ban taɓa aiki da sifanar wani ba.

Tare da wannan takarda direban zai ba ki akwatin kayan aikina. Ki je da wanda zai taya ki, yana da nauyi. Mabuɗin na cikin ambulan. Arzika ya roƙa in bar masa, na hana. Rakiya ta ce ta ajiye a ɗakinta, na hana. Muddin akwatin nan yana Gadarif, ƙafata za ta same shi. Ki sa shi inda kike, ya zauna shekara uku tare da ke. Ranar da kika gama ku dawo tare, sannan ki yi yadda kika ga dama da shi.

Samula shida na mayar ciki. Ɗaya na riƙe, ta malalacin ce. Shi kaɗai bai taɓa zuwa ko'ina ba, shi kaɗai ya rage. Yana ci. Jiya ya gama yankan kabewa tas, da asuba zare kawai na ciro.

Kifinki biyu na kashe, da yatsuna biyu. Waɗannan sun tafi. Kar ki sa in ƙara da karatunki, wannan ba zan iya ɗauka ba. Kunyarki nake ji, kuma roƙonki nake.

Mahaifinki,
Mijinyawa


Khartum, 9 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, sannu da jiki. Ni lafiya.

Akwatin ya iso jiya. Mu uku muka kama shi daga bakin ƙofa zuwa ɗaki, mai gadi yana tambaya ko gawa ce. Na buɗe. Kowace sifana tana naɗe cikin tsummanta, ka shafa musu mai kamar masu tafiya mai nisa. A ƙasan akwatin na ga tsumman da ka naɗe babbar, tsohon ɗankwalin Inna ne mai ruwan ganye. Na zauna a ƙasa na yi kuka, 'yan ɗakinmu suka fita suka ba ni wuri.

Yau Laraba. Ban shiga wurin shugaba ba, na shiga aji. Na kwance kayana. Akwatin yana ƙarƙashin gadona, mabuɗin a wuyana, ɗakin duk yana warin jaz.

Ban huce ba tukuna, kar ka ɗauka na huce.

Tunda shi kaɗai ya rage, yanka ɗaya ya yi masa yawa. Ka raba biyu, rabi ya ishe shi. Sauran naka ne.

'Yarka,
Hannatu